Odessa Tillery da Dutsen Kabarin Mijinta

Odessa Tillery ta shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan makaranta abinci a wani ƙaramin gari na jihar Virginia ta Amurka, kuma kowa ya san bakinta ba shi da linzami. Mijinta Lamont direban babbar mota ne, yana yi wa wata hukumar leƙen asiri jigilar ganguna zuwa wani fili da aka kewaye da waya. Bai taɓa sanin abin da ke cikinsu ba. Da fatar hannuwansa ta fara saɓulewa, numfashi ya gagara, likitoci suka ce sai sun san abin da ya taɓa kafin su san magani. Hukumar ta yi gum. Wata tara Lamont ya yi yana jinya, ya rasu.

Odessa ta kai ƙara. Ranar zaman kotu ta ɗora hularta ta zuwa coci, ta zauna a gaba. Lauyan gwamnati ya miƙa wa alƙali takarda a rufe, wadda ko lauyanta bai isa ya gani ba.

Alƙali ya ce, "Misis Tillery, wannan sirrin ƙasa ne. Ko batun cewa mijinki ya yi aiki a can ba za a tattauna ba. Na kori ƙarar."

Ta miƙe. "Ranka ya daɗe, mutumin da nake wanke wa wando shekara talatin, yau shi ne sirri?"

Sau biyu tana ɗaukaka ƙara, ba ta sake zani ba. Ƙanwarta Vernell ta ce, "Yaya, ki haƙura mana. Wa ya taɓa kayar da gwamnati?"

"Ke dai tun muna yara karen maƙwabta ma tsoronsa kike. Alƙali suka toshe wa kunne, ni ba su ɗinke min baki ba."

Sai ta je wajen mai sassaƙa dutsen kabari, ta sa ya rubuta sunan Lamont, da sunan filin, da cewa ya ɗauki gangunan hukumar, ta ƙi faɗin abin da ke ciki. Bayan mako uku wasu mutum biyu masu baƙar kwat daga hukumar suka zo gida, cikin ladabi suka roƙi a goge rubutun. Ta zuba musu kofi, ta nuna ta taga.

"Ga makabartar can, 'ya'yana. Ku je ku kama dutsen."

Ba su sake dawowa ba. Matan wasu direbobi biyu da suka rasu bayan jigilar gangunan suka ji labari, suka neme ta, su ma suka sa aka yi irin rubutun, yanzu duwatsun uku ne. Odessa ta cika saba'in da huɗu, har yau ba ta san abin da ke cikin gangunan ba, kuma duk shekara sai ta aika wa hukumar wasiƙa tana tambaya.