Ƙararrawar Yaya Sale

Duk wanda ya zauna unguwar Milezi ta Injamena a wancan zamani ya san Yaya Sale ba ya karya kumallo sai ya gama wahalar da kansa. Da an sallame asuba zai faɗa kogin Shari ya yi iyo, ya fito yana ɗigar ruwa ya haye keke zuwa Farsha, wajen mayanka inda yake sayen fata. Can zai jingine keken ya dawo gida da gudu don ya sha koko, sannan ya koma aiki a ƙafa. Wani Bature ne ya ƙarasa lalata mana shi, da ya gaya masa wai a ƙasashen waje har gasa ake yi ta waɗannan abubuwa uku a jere. Tun daga ranar kunnenmu bai sake hutawa ba. In ka yi masa magana sai ya ce, "Jiki jaki ne, in ka lallashe shi sai ya kwanta."

Ni ce autarsu, kuma ni na riƙe masa gida bayan rasuwar matarsa. Saboda haka in ana labarin gwiwarsa a bar ni in yi, don haushin masu cewa wai laya ce ta tashe shi har yau bai bar ni ba.

Ana dab da fara yaƙin basasar nan ya yi karo da wani bijimi a Farsha. Bijimin ya tashi ya kama gabansa, keke ya lanƙwashe, gwiwar Yaya ta dama ta juya. A asibiti likita ya tsaga ta, ya gyara jijiya, ya ɗinke. Ya kuma yi masa bayani a gabana: tafiya tukuna, daga baya sassarfa, gudu mai ƙarfi kuwa sai bayan damina. In ya yi gaggawa jijiyar ta sake tsinkewa, to shi da gudu sai dai a mafarki. Yaya ya yi ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Wace laya? Ni na dafa ruwan gashi safe da yamma, a lokacin da gawayi ya fi nama wuyar samu. Ni na mulke gwiwar nan da man shanu har hancina ya daina jin ƙanshinsa. Sakayyar da na samu ita ce wata safiya na nemi ɗan dutsen niƙana na rasa. Na leƙa ɗakinsa, sai ga shi kwance ya ɗaure dutsen a idon sawu da ɗankwalina, yana ɗagawa yana saukewa. Na ce masa gero na jira. Ya ce geron ya yi haƙuri, saura ɗaya ƙafar.

Da ya fara takawa sai ya koma iyo, daga nan ya koma keke, duk na kau da kai. Amma damina ko tsayawa ba ta yi ba ya ce saurinsa na tserewa, dole ya bi shi. Dabararsa ita ce ya zura da gudu daga wannan darbejiya zuwa waccan, ya taka a hankali zuwa ta gaba, ya sake zurawa. Abin da bai lissafa ba shi ne garin da yake ciki. A Injamena ta lokacin, in ka ga babban mutum da furfura ya sheƙo da gudu, ba ka tsayawa tambaya.

Ranar farko layinmu ya watse. Masu shaguna suka ja ƙofa, mai shayi ya bar tukunya a wuta, Iya Kaltuma mai ƙosai ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ta bar mai yana tafasa. Alhaji Mamman, dattijon unguwa, a ƙarƙashin teburin wani tela aka same shi. Shi kuwa gogan ya kai darbejiyarsa, ya juyo yana haki, ya ga layi wayam. Da ya shigo gida ce mini ya yi mutanen unguwar nan sun fara gane amfanin motsa jiki, har Iya Kaltuma ta wuce shi.

Da yamma dattawa suka zo. Na yi murna, na shimfiɗa musu tabarma, na ce yau za a hana shi. Ina! Ya zauna ya yi musu kunnen ƙashi, wai masu bindiga sun hana mutane kasuwa da makaranta, shi ba za su hana shi gudu ba. Da Alhaji Mamman ya gaji sai ya yanke hukunci: ya kwance ƙararrawar kekensa ya riƙe a hannu, duk lokacin da zai zura ya riƙa kaɗawa, don jama'a su san Sale ne kawai, ba tashin hankali ba. A gabana aka yi sulhu a kan gwiwar da ni na yi jinyarta, ba wanda ya waiwaye ni.

Haka aka saba. Da an ji ƙirin-ƙirin sai a ce mahaukacin ne, kowa ya ci gaba da harkarsa. Har kombatan, mayaƙan da ke tsare hanya, suka san shi. Ɗayansu ya taɓa tare shi ya tambaye shi wa ya biyo shi, ya ce ba kowa, tsufa ne, kuma yana dab da kamo shi, a ba shi hanya. Ni kuwa kullum ya dawo gwiwa a kumbure, in gasa ina faɗa, yana cewa jaki ne.

Sai ranar da faɗa ya juyo ta wajenmu. Da hantsi ne, yana can bakin babbar hanya ya hango motocin mayaƙa suna jan daga, bakin manyan bindigoginsu na kallon Milezi. Ni ina ƙofar gida ina tsince shinkafa na ga ya shawo kwana. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan gudun ba, ko kafin bijimi. Na buɗe baki zan fara masifa sai na ji abin da ya tsinka mini zuciya: shiru. Hannunsa ba komai, ya yar da ƙararrawar.

Iya Kaltuma ce ta fara ihu, "Ba ƙararrawa! Sale ba ƙararrawa!" Kafin ya samu numfashin yin magana layi ya tashi, uwa ta suri ɗa, aka yi bakin kogi wajen masu kwalekwale. Muna tsakiyar ruwa muka ji bam na farko ya sauka. Da muka dawo daga Kusuri, garin da ke tsallaken kogi, bayan an lafa, inda teburin mai shayi yake rami muka tarar.

A bakin kogin gwiwar ta tsinke, ɗaukarsa aka yi aka saka a kwalekwale. Likitan sansanin gudun hijira ya duba ya girgiza kai. Na zauna kusa da tabarmarsa ina kuka ina yi masa faɗa, na lissafa masa gawayina da man shanuna da dutsen niƙana, na ce da ya tsaya ya aiko mai lafiyar ƙafa. Ya bar ni na gama, sannan ya dafa gwiwar.

"Auta," ya ce, "jakin ya kai kaya gida. Bar shi ya kwanta."

Bai sake gudu ba. Sauran shekarunsa da sanda ya yi su, yana zama bakin hanya yana kushe tafiyar masu wucewa. Ranar jana'izarsa na ji wasu daga cikinku, waɗanda aka sura a kafaɗa ran nan, suna dariya suna cewa mahaukacin Milezi ya tafi. Ku yi dariyarku, shi ma da yana nan da ya fi ku. Amma ku san da ƙafar wa kuka girma.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya yafe masa taurin kansa da wahalar da ya ba ni, ni dai na yafe. Ranar da za a haye siraɗi, Allah Ka mayar masa da gwiwarsa lafiya lau, Ka bar shi ya zura.