Baƙin Kifin Tak Byeong-ho

A kwarin Inje ba wanda bai san kifin Tak Byeong-ho ba. Tun yana saurayi, da hunturu ya kama zai rataye kifi jere-jere a kan rumfunan itace, kamar yadda ya ga ubansa na yi. Sai dai rabin aikin ba a hannunsa yake ba. Dole sama ta washe tas da dare, ɗumin ƙasa ya tsere sama, kifi ya daskare, in rana ta fito ya saki. Haka za a yi ta yi har sanyi ya wuce, tsokar ta yi laushi, ta yi launin zinariya. Wannan launi shi ne mutuncin tsohon.

Bana kuwa sama ta ƙi. Gajimare ya zo ya zauna daram a kan kwarin, ya danne ɗumi kamar bargo. Kifi ya ƙi daskarewa, sai ɗigar ruwa yake. Kullum da safe Byeong-ho na tsaye gindin rumfa, kai a sama, yana zabga masifa.

"Baban Mi-ja, shigo miya za ta huce," in ji matarsa Sun-rye. "Ko tsawarka ce za ta kori gajimaren?"

"Ke rabu da ni! Kin ji mai rediyon nan? Wai an samu sauƙin sanyi. Sauƙi a gidan wa?"

Kifi dai ya bushe baƙi wuluk. Kunya ta hana shi leƙa kasuwa, ya jibge shi a ɗakin ajiya. Da 'yarsa Mi-ja ta zo daga Seoul, ta loda buhuna a mota ta tafi da su, shi ko kallo bai yi ba.

Ba a jima ba sai ga wayarta.

"Baba, albishirinka! Masu gidajen cin abinci na gasa kifinka, samari sai wawaso suke. Baɗi ma irinsa suke so."

"Ke, lalatacce ne fa! Na zinariyar fa?"

"Haba Baba, ai wannan na miyar tsofaffi ne."

Ya ajiye wayar. Ya tsufa yana fitar da kifi mai kyau, ba wanda ya taɓa kira daga Seoul ya yaba masa, sai shekarar da ya ɓata.