Rigar Ban Haƙuri

Shekara goma sha tara Baba mai wanki ya yi yana wanke rigunan 'yan ƙwallon kulob ɗin, bai taɓa sauraron labarin wasanni ba. In mai kulob ya yi suɓutar baki a rediyo, kamar ranar da ya ce mata ba su san ƙwallo ba, Baba yakan sani, don za a aiko karɓar koɗaɗɗiyar rigar da mai kulob ɗin yake sawa ya ba da haƙuri a talabijin.

Sau ɗaya Baba ya tausaya masa, ya sa mata sitaci, ya goge ta tas. Washegari jaridu suka ce mutumin ko alamar nadama babu.

Tun ranar, in ya wanke ta, zama yake yi a kanta har a zo karɓa.