Abin da Barmo Ya Faɗa a Ƙasan Rijiya

Barmo mai haƙar rijiya ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Dogarawa. Gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana. Shi da wansa Munkaila suka gaji sana'ar daga ubansu, kuma tun suna samari suka raba aikin: Barmo ke sauka cikin rami, Munkaila ke riƙe igiya a sama yana jawo ƙasa. Munkaila jiri ke ɗibarsa in ya leƙa rami mai zurfi. Barmo kuwa bai taɓa yarda wani ya riƙe masa igiya ba in ba wansa ba.

Bayan yunwar 1984, da mutane suka koma ga noman rani, masu haƙar rijiya suka yi daraja. Daga fadamar Badagishiri har Tsarnawa ana aiko musu. Cikin wannan aiki ne tari ya kama Barmo, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Aka kai shi asibitin mishan na Galmi, ya yi watanni a can yana shan magani.

A bakin ƙofar asibitin akwai wani tsoho mai gyaran takalma, Tanimun, Kirista daga wajen Maraɗi. Da Barmo ya fara samun ƙarfi, wurinsa yake zama don ya rage zaman kaɗaici. Wata rana ya tambaye shi abin da ya daɗe yana ji a gari.

"Baba, an ce alloli uku kuke bauta ma."

Tanimun bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. "Allah guda na, Barmo. Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki."

"To ai ga uku nan ka lissafa."

"Na lissafa, amma ban raba ba. In kuma munka ce Ɗa, ba aure da haihuwa muke nuhi ba, Allah ya wuce wannan. Ba ni iya buɗe maka zancen duka, ni ma ya hi kaina. Abin da na riƙe shi na, wanda ya halicce ni shi ya zo da kainai cikin Yesu ya ɗauki zunubina, shi na kuma ke zaune cikina yanzu."

Barmo ya tashi ya koma ciki. Amma ya dawo washegari, ya kuma dawowa. Lokacin da aka sallame shi, ya riga ya ba da gaskiya, ba wanda ya sani sai tsohon.

Da ya koma gida sai tsoro ya zauna masa. Ya san abin da ya sami Bawa, wani tela a ƙauyen da ke gabansu, da ya fito fili ya ce shi Kirista ne. Ba wanda ya taɓa jikinsa. Surukinsa dai ya zo ya tafi da matarsa da ƴaƴa, mutane suka daina kawo ɗinki, suka daina amsa gaisuwarsa, har ya ɗora keken ɗinkinsa a mota ya bar ƙasar. Barmo yana da mata, Kyauta, da ƴaƴa ƙanana, yana da gonar gado da suke nomawa shi da Munkaila. Saboda haka ya ci gaba da shiga sahu a masallaci, bakinsa na motsi, zuciyarsa na bugawa kamar ɓarawon da ke jiran a kama shi. In wani ya daɗe yana kallonsa sai gumi ya keto masa. In aka ambaci ƴan mishan a majalisa sai ya tashi kamar zai kama ruwa.

Yakan bi ta Galmi jifa-jifa. Tanimun bai taɓa matsa masa ya yi baftisma ba. Sau ɗaya dai ya gaya masa cewa Yesu ya yi gargaɗi a kan mutumin da zai yi musun saninsa a gaban jama'a. Wannan magana ta bi Barmo har gida. Ya zama yana tsoron mutane in ya faɗi, yana tsoron Allah in ya yi shiru. Kyauta ta lura yana raɗa shi kaɗai a ɗaki da wasu kalmomi da ba ta sani ba, amma ba ta tambaya ba.

A bazarar 1988 tsohuwar rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Mata na kwana biyu ba su cika tulu ba, shanun wani Bafillace mai suna Jaje kuma suna tsaye a gefe suna kuka. Maigari ya ce a ƙara mata zurfi. Daga sama rijiyar ɗaure take da duwatsu, amma can ƙasa rairayi ne zalla. Barmo ya duba ya ce sai an sa zoben siminti tukuna. Aka ce masa kafin siminti ya iso dabbobi sun mutu. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka.

Da hantsi, yana cikin cika guga, ya ji ƙasa na zubo masa a wuya. Kafin ya ɗaga kai, gefen rijiyar ya zabtare. Nauyi ya danne shi ya jingina shi da bango, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Da ƙurar ta lafa ya tarar rairayi ya binne shi har ƙirji. Hannu ɗaya kawai yake iya motsawa.

Munkaila ya ja igiya, Barmo ya yi ƙara, don ji ya yi kamar za a raba shi biyu. Aka sassauta. Kan a jima gari ya taru. Daga inda yake, Barmo yana ganin bakin rijiyar can sama kamar faifai, kawunan mutane sun kewaye shi. Duk wanda ya matso sai ƙasa ta ƙara zubowa. In ya fitar da numfashi, rairayin ya matse wurin, na gaba ya fi wuya. Yana jin muryar Kyauta tana kiransa da maigida, don ba ta iya kiran sunansa.

Ba wanda ya yarda ya sauka. Bangon da ya rage ya tsage, kowa na gani. Rairayin ya kai masa kafaɗa. Sai liman, Malam Shehu, ya dafa Munkaila ya ce masa a hankali ya laƙƙana wa ƙanensa kalmar shahada tun yana iya magana.

Munkaila ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, idonsa a rufe. "Barmo, kana jina? Ka yi shahada. Ka biya bayana."

Barmo ya ji shi sarai. Ya san in ya biya, za su yi masa wanka da salla, ƴaƴansa su tashi ba abin gori. Ya san kuma in akwai mai niyyar sauka, maganar da ke bakinsa tana iya hana shi. Amma yana ganin mutuwa ta riga ta iso, kuma bai ga yadda zai tsaya gaban Allah da ƙarya a bakinsa ba.

"Barmo, ka biya mana."

"Yaya, ba ni iyawa."

"Kana iyawa. A hankali."

"Yaya, ni na ba da gaskiya ga Allah guda, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Yesu Almasihu shi na Ubangijina. Ya mutu domina, ya tashi. A kan haka zan mutu."

Rijiya tana ƙara wa murya ƙarfi. Abin da ya faɗa da ɗan numfashin da ya rage masa, har na bayan taro sun ji.

Sai Barmo ya ga kawunan suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, har bakin rijiyar ya zama fili, ba komai sai farin sama. Igiyar da ke ƙugunsa ta saki, ta zubo a kansa. Ya kira wansa, ba amsa. Ya kira Kyauta. Daga baya ya sha cewa wannan lokacin ya fi ruftawar kanta tsanani, don ya tabbata sun tafi sun bar shi, kuma zai ji ƙasa na shiga bakinsa shi kaɗai. Ya so ya yi addu'a, ba abin da ya zo masa sai sunan Yesu, ya yi ta maimaita shi.

Ba su tafi ba. A sama gardama ce ta kaure. Wasu suka ce aljanin rijiya ne ya taɓa shi. Wani ya ce tunda abin da ya zaɓa ke nan, kada musulmi ya sai da ransa a kansa. Malam Shehu ya juya ya dubi mai maganar.

"Rai na ke cikin ramin ga. A hiddo shi. Zancen addini sai ya hito."

Munkaila yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Can ya miƙe, ya ɗauko wata igiya ya ɗaura a ƙugunsa, ya miƙa wa Jaje bakinta. Jaje ya kira ƴan'uwansa biyu suka riƙe, ya kawo bijimin da yake jan ruwa da shi, aka ɗaura masa wasaki, babban gugan fata. Aka kori kowa nesa da bakin rijiyar.

Barmo ya ga haske ya dushe, ya ɗauka bangon ne ya taho. Ashe ƙafafun wansa ne ke saukowa. Munkaila ya dira kusa da shi, ya yi amai a gefe, sannan ya kama kwasar rairayi da ƙwarya yana zubawa a wasaki, bijimi na ja.

"Yaya, ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Rufe bakinka, ƙasa na shiga."

Sau biyu bangon ya sake zubowa, ya mai da aikin baya. A na biyun Munkaila ya kife a kan ƙanensa har zubar ta tsaya. Sai bayan la'asar aka fito da Barmo, ƙafarsa a karye, leɓɓansa sun tsage.

Yana kwance ana ɗori, Malam Shehu ya zo da dattawa biyu. Ya zauna bakin tabarma ya yi masa sannu, sannan ya ce mutum in ya ga mutuwa hankalinsa kan gushe, ya faɗi abin da bai sani ba. In haka ne, ya faɗa, magana ta ƙare a nan. Barmo ya gane ƙofa ce ake buɗe masa, da kyakkyawar niyya kuma. Kyauta na tsaye bayan zana tana saurare. Ya juyo ya dubi liman.

"Malam, da hankalina na hwaɗi."

Liman ya ce Allah ya shirye shi, suka tashi.

Abin da ya ji tsoro ya zo, ko da yake ba duka ba. Uban Kyauta ya aiko aka tafi da ita da yaran. Aka ware masa kwano da moɗa. Masu zuwa dubiya suka ɗauke ƙafa. Munkaila ya daina yi masa magana, amma matarsa ce ke turo masa tuwo ta ƙarƙashin zana. Da ya fara dogara sanda, ya bar ƙauyen ya koma Birnin Konni, inda wasu Kiristoci suka ba shi ɗaki. Da damina ta cika tafkuna aka yi masa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Tanimun bai gani ba, ya rasu kafin nan. Waɗanda suka halarta sun ce da fasto ya dulmiya shi, sai da ya riƙe rigar faston gam, ya fito yana haki.

Bai sake sauka rijiya ba. Ƙafar ta warke a karkace, kuma ko ɗaki mai ƙaramar ƙofa ba ya son shiga. Ya koma zuba zoben siminti yana sayar wa masu garka, wato lambun rani. Bayan kamar shekara biyu Kyauta ta sauka daga mota a tashar Konni da ƙananan yaran biyu. Ta ce masa ita tana nan a kan sallarta, kada ya taɓa yi mata zancen. Ya ce ya ji. Haka suka zauna. Babbar ƴarsu Binta kuwa aka riƙe ta a ƙauye, ta girma a hannun Munkaila.

Tsoron bai rabu da shi gaba ɗaya ba. A coci, in jama'a suka miƙe suna furta bangaskiyarsu tare, muryarsa takan yi rawa. A kasuwa in ya hango mutumin ƙauyensu, yakan rasa ko ya gaishe shi ko ya kauce.

A 1997 aka sa ranar auren Binta. Ba a aika masa ba, a bakin wani direba ya ji. Kyauta ta riga shi tafiya. Ranar ɗaurin aure ya sa rigarsa mai kyau ya shiga mota, ya sauka a bakin hanya ya ƙarasa da ɗingishi. Munkaila ne waliyyi. Barmo ya zauna can ƙarshen tabarma cikin baƙi, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya matsa kusa da shi. Da aka shafa fatiha, mai rabon goro ya zo kansa ya tsaya, ya waiwaya ya dubi Munkaila. Munkaila ya ɗaga masa kai, aka sa wa Barmo goro a hannu.

Bai shiga cikin gida ba. Binta ce ta aiko wata tsohuwa ta ce masa ta san ya zo. Ya ce a gaya mata Allah ya ba su zaman lafiya, sannan ya kama hanyar bakin titi tun rana ba ta yi zafi ba.