Baballe da Matakalar Gada

A kan moɗar ruwa muka yi rigima da Baballe. Ya sauko daga gadar masu tafiya a ƙasa, kusa da inda nake sayar da koko a Agege, buhun yashi a kafaɗa, gumi kamar an tsamo shi daga kududdufi. Na miƙa masa ruwa, ya ture hannuna.

"Dije, ɗan dambe ba ya shan ruwa in yana horo. Ƙafa yake kashewa."

Na ce, "Ina ɗan damben? Ni dai tsoho nake gani, furfura har cikin kunne."

Ƙanen mijina marigayi ne, don haka ina da bakin faɗa masa abin da na ga dama. Da ƙuruciyarsa ya naɗa hannu ya kayar da maza tun daga nan har Ojo. Da damben ya sake shi, sai ya koma dako a kwata, yana saɓa cinyar bijimi da gudu zuwa mota. Da wannan wuyan ya ciyar da 'yarsa Sa'adiya har ta yi aure.

Abin da ya jawo buhun yashin, shugaban 'yan dako ne ya ajiye masa kujera. Wai ya tsufa, ya zauna yana gadin fatu, yara su yi ɗauka. Girmama shi aka yi, amma shi gani ya yi an haƙa masa kabari da ransa. A lokacin kuma Sa'adiya ta ji wani likita a rediyo yana cewa motsa jiki mai ƙarfi na jinkirta tsufa, ta kawo masa labari. Likitan ya ce a fara a hankali, a je a auna jini, a sha ruwa. Wannan rabin, kunnen Baballe bai ɗauka ba. Buhun yashi kawai ya saɓa, ya shiga hawa da sauka a matakalar gada.

Kuma ba zan yi ƙarya ba, da farko abin ya karɓe shi. Tumbi ya tafi, gwiwa ta daina ƙara, ya ture kujerar ya koma ɗauka. Yana wucewa ta gabana yana cewa, "Matar yaya, ko za ki aure ni ne? Kin ga saurayi."

"Saurayin da ke jiƙa ƙosai kafin ya tauna?"

Sai ya ƙara yashi. Ya bar gudun safe ya koma na rana tsaka, don 'yan okada su gani. Ruwa kuwa ko ɗigo, tunda haka maigidansa na dambe ya koya masa yana yaro.

Ran nan ina kwashe ƙosai na ji ihu. Buhun ne ya fara gangarowa daga matakalar, sannan shi. A asibiti suka ce jijiya ce ta fashe a kai. Aka dawo da shi gida, ɓarin jiki ɗaya a mace, baki a karkace, ba magana.

Ranar da zai cika na shiga duba shi. Sa'adiya ta ce tun safe take kai masa kofi yana dantse leɓe. Idonsa kuwa na kan randa. Na ɗebo, na tallafo wannan kan da ya ɗauki naman rabin Agege, na ji shi sakayau kamar ƙwarya.

Na ce, "Sha, Baballe. Na gaya wa 'yan kwata yau kana hutu."