Mushen Tunkiya a Majigin Sikotlan

Cikin shekarun da na yi ina tafinta a sashen majigi a Sakkwato, ranar da ba ta fita daga raina ba ita ce ranar da aka tilasta mini fassara fim ɗin mutanen Sikotlan. Zamanin soja ne, kuɗin mai ya shigo, kowane Bature mai kwangila ya zama ɗan lele.

Ga waɗanda ba su riski majigi ba, ga tsarinsa. Kafin a nuna fim, tafinta zai kalle shi sau biyu a ofis, ya rubuta rahoto. Ranar nunawa kuwa, shi ke tsayawa gaban jama'a da lasifika yana mayar da maganar Hausa. A makarantar mishan aka horar da ni cewa tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi.

Wani injiniyan gada, mutumin Sikotlan, ya kawo fim ɗin. Ƙanensa ne ya haɗa shi da abokansa a ƙauyensu, da kuɗin aljihu. Wai na ban tsoro ne, kuma na ban dariya. Labarin shi ne, wani mai busa algaitar salka ya cika mugun busa, har matattu suka fito daga kaburbura suna yayyaga mutane. Matattun an shafa musu garin fulawa. Ɗayansu da agogo a hannu. Sau uku inuwar mai ɗaukar hoto tana faɗowa kan kabari.

Na rubuta cewa bai dace a nuna ba. Garin da mutane ke tuɓe takalmi tun daga ƙofar Hubbare, ba a wasa da kabari a cikinsa. Shugaban sashenmu, wanda ke neman shiga wajen injiniyan, ya kira ni.

"Malam Istifanus, ka cika tsanani. Ka ce aljanu ne, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, a fim ɗin matattu aka ce."

"To, faɗi abin da ka ga dama. Kai ke riƙe da lasifika."

Na gane nufinsa sarai. In jifa ta tashi, kaina za ta fara samu, kuma sunana ne zai ɓaci a garin.

Aka kafa farin ƙyalle a fili kusa da unguwar mahauta, bayan magariba. Shugaba da Baturen suka zauna kan kujeru dab da motar majigi. Da ƙasar kabarin farko ta tsage, na faɗi abin da ke akwai: "Wannan mamaci ne ya tashi." Na ji ana salati a baya. Wani ya ce, "Wanga wane irin saɓo na?" Mutane suka fara miƙewa, na ga wani ya duƙa yana laluben ƙasa.

Daidai nan matattun suka kama mai algaita, suka farke cikinsa. Sai wani tsohon mahauci, Baba Nomau, ya taso har gindin ƙyallen, ya kanne ido, ya nuna da sandarsa.

"Kai, Malam! Tsaya! Wanga ai tumbin tunkiya na!"

"Baba, zauna," in ji wani.

"In zauna mi? Ku duba hanta. Biyu ta! Mutum guda, hanta biyu? Yaushe ɗan Adam yaf fara tuƙa?"

Wani mahaucin ya amsa daga baya, "Kuma mushe ta, Baba! Dubi launin hanjin, ta kwana uku!"

Baba Nomau ya ce, "Wanda yay yi fiɗar ga, ko wuƙa ba ni ba shi aro."

Dariya ta ɓarke. Wanda ya ɗauki dutse ya yar. Daga nan babu wanda ya ƙara sauraren fassarata. Duk cikin da aka farke, mahauta ke yi masa sharhi, wannan na akuya ne, wancan an bar matsarmama ta fashe. Baturen ya yi ta tafi, yana zaton barkwancin ƙanensa ne ya ci. Ya tambaye ni me tsohon ke cewa. Na fassara masa kalma da kalma, har da zancen wuƙa. Tafin ya tsaya.

Washegari shugaba ya yi ta yawo a ofis yana cewa shi ya san halin Sakkwatawa.

Abin da ya dame ni daban ne. Sau biyu na kalli fim ɗin nan da alƙalami a hannu, na cika shafi uku da kurakuransa, amma ban ga hanta biyu ba. Ku da ke aikin tafinta yanzu, ku sani cewa duk taron da kuka tsaya a gabansa, akwai mai sana'ar da ya fi ku ido. Ni kam daga ranar, in fim yana da jini, sai na aika a kira mahauci kafin in sa hannu.