Eriyar Aro

Da na dawo daga karatu, ban zaci akwai mai shiga gasar rediyo a Gure ba. Sai ga wani dattijo a shagon cajin waya, tabaraunsa ɗaure da zare, ya duƙufa kan kwamfuta. Eriyar da yake gasar da ita ta aro ce, tana can Turai. Ta intanet yake sarrafa ta, yana tara tashoshin da suka amsa kiransa. Ina jin tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe da Faransanci. Samari na kwaikwayon muryarsa: "Mushe, aljanun sun amsa?" Raina ya ɓaci, shi kuwa ko waiwaye ba ya yi.

Na ce, "Baba, masu amsa maka sun san daga Gure kake magana?"

Ya cije leɓe. "Dokar gasa ta ce inda eriya take za a faɗa. Tun safe sunan garin mutane nake tallatawa, ɗana."